Baba a Gonar Inabin Santorini

Tun da Inna ta rasu Baba ya ajiye fartanya. Mutumin da ko ranar Sallah sai ya leƙa gona kafin idi, ya koma zaman ƙofar gida, yana kallon masu wucewa kasuwar Bici kamar bai san su ba. Damina biyu maƙwabta ne suka noma masa, yadda ake yi a ƙauyenmu: wanda ciwo ko rashi ya kayar ba a tambayarsa, da sassafe kawai ake shiga masa gona. Ni dai tsoro ya cika ni, don na ga yadda ya zube, na san in aka ci gaba haka bin Inna zai yi.

Lokacin ina karatun jinya a Girka. Da aka sa ranar yaye mu, na matsa masa da kuka da fushi har ya yarda ya zo. Bayan biki na kai shi Santorini, tsibirin da dutse mai aman wuta ya taɓa tarwatsawa, na ce ko ganin teku zai buɗe masa zuciya. Ina! Na nuna masa fararen gidaje a bakin gaɓar dutse, ya ce wanda ya gina nan ba shi da jikoki masu rarrafe. Turawa na rububin ɗaukar hoton faɗuwar rana, shi ko ya taɓo ni ya ce, "Aina'u, magariba ta yi. Ina gabas?"

Washegari bayan asuba na leƙa ɗakinsa, babu shi. Hankalina ya tashi. Can bayan masaukinmu na hango babbar rigarsa rataye a katangar wata gona, shi kuma durƙushe a kan baƙar ƙasa mai kama da toka. Ya warware rassan inabi har gindi uku, ya samo sanduna yana tokare su.

"Zo ki riƙe min nan," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Dubi yadda aka bar shuka kwance a ƙasa, ta nannaɗe kamar gammo. Mai gonar nan ko dai yana kwance, ko an yi masa rashi."

Kafin in buɗe baki sai ga wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta taho tana ɗaga hannu tana faɗa. Na shiga ba ta haƙuri da ɗan Girkancina na asibiti. Da ƙyar na gane bayaninta, na fassara wa Baba: da gangan suke naɗe inabin haka. Nan ruwan sama kaɗan ne, iska kuma ba ta da tausayi, to 'ya'yan suna fakewa a cikin naɗin, ƙasar kuma ta sha raɓa ta ba su. Waɗanda ya warware, mijinta ne ya shekara arba'in yana naɗa su.

Ban taɓa ganin Baba ya ji kunya irin ta ranar ba. Ya sauke sandar a hankali.

"Ce mata ta yafe min. Ce mata a garinmu haka ake yi wa wanda aka yi wa rashi, ni ma haka ake yi min."

Na gaya mata. Faɗan ya tsaya. Ta dube shi, ta tambaya wa ya rasa.

"Barira," in ji Baba. Tun ranar jana'iza ban ji sunan Inna a bakinsa ba.

Tsohuwar ta dafa ƙirjinta ta faɗi wani suna, na mijinta, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Sai ta durƙusa da ƙyar, ta kama reshe ɗaya ta lanƙwasa, ta cusa ƙarƙashin ɗan'uwansa, ta miƙa wa Baba na gaba. Ya karya na farko, ta buge masa hannu kamar ɗan makaranta, har ya yi dariya. Haka suka yi ta yi har rana ta ɗaga, ba wanda ya ƙara neman fassarata.

Da suka gama ya ce in tambaye ta, ita kaɗai take duk wannan aikin? Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce 'ya'yanta sun sha cewa ta huta, amma in ta zauna a ɗaki ba ta ganin mijinta, a nan ne kawai take samun hannunsa a kowane gindi.

Muka kamo hanya ni da Baba har muka kusa masauki. Sai ya tsaya a tsakiyar hanya, yana kaɗe baƙar ƙasar daga gwiwarsa.

"Kira min Usaini maƙwabcinmu. Ki ce na gode, Allah ya saka, amma bana kada kowa ya shigar min gona. Gyaɗar da uwarki take sawa a gefen rijiya ma, ni zan shuka."

Na ciro waya amma na kasa dannawa, hawaye ya hana ni ganin lambobin.

"Kukan na mene ne kuma?" ya ce. "Kira shi mana, kada ruwa ya sauka su riga ni."