Shan Iska

"Yaya, ɗan matsa gefe, kina shiga hoton."

Auta ne ya faɗa, yana murmushi, a gaban kejin raƙumin dawa. Na saki keken guragun Inna da na turo tun daga ƙofar gidan namun dajin, hawa da gangara, har tafin hannuna ya yi jawur. Ya kama daidai inda na saki, ya sunkuya ya jingina kumatunsa da na Inna. Matarsa ta tsaya a dama, 'yan biyunsu suka durƙusa a gaba. Ya ɗaga wayar zai ɗauka da kansa, hannunsa bai isa ya kwashe su duka ba, sai ya miƙo mini. Sau shida na ɗauka, don a na farko matarsa ta ce ta rufe ido, a na biyu kuma raƙumin ya juya musu baya.

Kafin mu isa wajen birai hoton ya shiga guruf ɗin dangi. Kawu ya rubuta cewa haka ake son ɗa. Gwaggo ta turo murya tana kuka tana addu'a, wai yaro ya ɗauko uwarsa ya nuna mata duniya. Inna ta sa aka maimaita mata muryar sau biyu, sannan ta kamo hannun Auta da hannunta mai lafiya ta ce Allah ya yi masa albarka. Albarka ta tara ke nan tun saukarmu da hantsi. Ƙirgawa nake yi, ba zan ɓoye ba.

Shekara bakwai ke nan da ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye. A lokacin aurena ya mutu, na dawo gida da akwati ɗaya da keken ɗinki, sai dangi suka ga abin ya zo daidai. Ba wanda ya zauna da ni aka yi shawara. Ni ke ɗaga ta, ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Ɗinkin da nake karɓa ya ragu har masu kawowa suka gaji da jira suka koma wani wuri. Auta kuwa yana babban birni, yana kira duk mako, minti biyar, Inna ta wuni tana ba maƙwabta labarin abin da ya ce. Ni sunana a bakinta "Ke". Ke, ruwa. Ke, gishirin nan ya yi yawa. Ba na cewa ba ta ƙaunata. Amma kalmar nan da take zuba wa Auta kamar ruwan famfo, ban taɓa jin ta ɗiga a kaina ba ko sau ɗaya, kuma ita kaɗai nake nema.

Mace mai shekara arba'in da biyar tana kishin ƙanen da ta goya a bayanta. Na san abin kunya ne. Sanin bai rage komai ba.

Da hutun kwana uku ya haɗu da ƙarshen mako, Auta ya aiko da mota aka kwaso mu. Ya tsara komai a takarda, ya liƙa a jikin firij: Juma'a namun daji, Asabar gidan kifaye, Lahadi dogon benen da ake hango gari duka daga samansa, Litinin mu koma. Babu inda aka rubuta wa zai tura keke.

* * *

Ranar Asabar muka je gidan kifayen. A wajen yankan tikiti matar da ke bayan gilashi ta leƙo ta dubi Inna a keke, ta dube ni da baƙar jakar da ke rataye a kafaɗata, ta tambaya ko ni ce mai kula da tsohuwar, don mai kula ba ya biyan kuɗin shiga. Matar Auta ta yi caraf ta ce e, ita ce. Aka ɗaura musu koriyar roba a wuyan hannu, ni aka ɗaura mini rawaya, an rubuta "mai kula" a jiki. Na dubi Auta, yana duba waya. Na dubi Inna, tana gyara mayafi. Ba ƙarya aka yi ba, shi ya sa ma abin ya fi ciwo.

Ciki da duhu da sanyi, kifaye na yawo a bayan gilasai masu tsawon bango. Akwai wani jibgege mai saɓaɓɓen leɓe da ya zo ya tsaya yana kallonmu. Inna ta ce wallahi sak mai gidan da ke bayan namu idan an taɓa masa ruwan rijiya. Ta yi dariya har da hawaye, bakinta da ya karkace yana rawa. Rabon da in ji dariyar nan na manta. Na yi murna, Allah ya sani, amma a ƙarƙashin murnar wani abu yana cizona: shekara bakwai ina tare da ita ban samo wannan dariyar ba, shi ya samo ta da tikiti ɗaya.

Muna gaban kunkurun ruwa ta ɗan juyo da kai ta ce a hankali, "Ke, ina so in sha iska."

Na juya keken nan take. Inna mace ce mai tsananin kunya, ko sunan banɗaki ba ta kamawa a gaban mutane, balle a gaban ɗa namiji da suruka. Tun farkon ciwon nan muka saba, idan ta ce tana so ta sha iska, ta matsu ke nan, kuma abin da nake da shi bai wuce minti goma ba. Ba mu taɓa zama mun ƙulla hakan ba, haka kawai ya zama yarenmu. A cikin baƙar jakar akwai zani na canji da sabulu da tsumma da leda. Auta ya ɗago ya tambayi ina za mu, na ce yanzu za mu dawo.

Na gama da ita ina wanke hannu sai wata mata mai ƙamshin turare ta matso. Ta ce tun ɗazu take lura da ni, ba ta taɓa ganin mai aiki mai tsafta da haƙuri irina ba. Ta tambaya ko ina da 'yar'uwa mai neman irin wannan aikin, don ita ma tana da tsohuwa a gida. Inna na zaune a keke tana ji. Na jira ta ce 'yata ce. Kalma biyu kacal. Sai ta ce mini in yi sauri kada Auta ya gaji da tsayuwa.

Da muka fito ya saya mata wani ɗan kifin roba mai walƙiya. Ta rungume shi a cinya, ta sa masa albarka. Ta goma sha bakwai ke nan.

* * *

Da safiyar Lahadi na yi mata wanka, na shirya ta cikin farin leshin da Auta ya ɗinka mata, na ba ta magani. Sannan na koma ɗakin baƙi na kwanta, na ce kaina ke sarawa. Ƙarya nake yi. Na ce a raina bari su ɗana na wuni ɗaya, su san keken nan ba da murmushi ake tura shi ba.

Auta ya leƙo ya yi mini sannu. Ya ce kada in damu, ai shi ma ɗa ne, mene ne a ciki. Ya tambaya ko akwai abin da ya kamata ya sani. Maganar ta zo har bakina. Na ce a riƙa ba ta ruwa, akwai zafi.

Inna ta daɗe tana dubana daga ƙofa. Ta ce ko su fasa. Matar Auta ta ce an riga an yanki tikiti, kuma yara sun ƙwallafa rai. Na ji ƙarar keken a baranda, na ji an rufe ƙofa, na ji tashin mota. Da na miƙe zan sha ruwa na ga baƙar jakar a bayan kujera inda na ajiye ta jiya. Ba su yi nisa ba, kira ɗaya zai dawo da su. Na tura ta da ƙafa ta ƙara shigewa.

Na zagaya gidan ni kaɗai. Na taɓa labulen falo na duba ɗinkinsa, na ga na fi mai shi iyawa. Na buɗe firij na rufe. A bangon falo akwai hoton Inna babba cikin firam, tun tana da lafiya. A gidanmu ba hotonta ko ɗaya, ita ɗin ce da kanta a can.

Wajen azahar wayata ta fara ƙara. Hotuna ne a guruf: ga su a cikin lifta, ga su a hawa na arba'in, Inna riƙe da gorar ruwa da aka sha rabi. Sai ga bidiyo. Matar Auta ce ke ɗauka, tana nuna gari ta gilashi, motoci ƙanana kamar tururuwa. Ta juyo kan Inna. Na ga yadda ta damƙe hannun keken, na ga idonta yana neman wani a bayanta. Ta ce, "Auta, ina so in sha iska."

Ya yi dariyar jin daɗi. "Inna, ai kin zo gidan iska. Bari ki gani."

Ya tura ta ya fita da ita farfajiyar saman benen, inda babu rufi, mutane cike suna ɗaukar hoto. Iska ta ɗaga mayafinta. Ta sake faɗa, shi kuma ya buɗe hannuwa ya ce ta sha iya shanta. Bidiyon ya ƙare a nan. Ƙarƙashinsa Gwaggo har ta rubuta cewa Allah ya ba kowa ɗa irin wannan.

Na dubi lokacin da aka turo shi. Minti biyu da suka wuce. Lambar Auta na gabana, yatsana a kanta. Na san abin da zan ce, bai fi numfashi ɗaya ba. Amma wata murya a cikina ta ce bari ya kira da kansa, bari ya ce Yaya me take nufi, bari sau ɗaya a nemi sanina. Na zauna a bakin gado ina jiran wayar ta yi ƙara. Ban san minti nawa na yi ba. Da na danna kiran daga baya, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

* * *

Kafin la'asar suka dawo. Ba wanda ya yi sallama da ƙarfi. 'Yan biyu suka wuce ɗaki sumsum. Matar Auta ta tsaya ta buɗe tagogin mota duka. Auta ya turo keken, ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓa wa Inna a cinya, fuskarsa kamar wanda aka mara. Ya ce mini abin ya kuɓuce mata a gaban mutane, har ƙasa, sai da ma'aikacin wurin ya zo da bokiti da tsumma ya ce a ja baya. Ya ce wasu samari sun yi dariya. Ya ce shi bai gane ba, me ya sa ba ta faɗa ba? Idonsa ya ciko. Tausayinsa ya kama ni, abin da ban shirya masa ba.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, farin leshin ya manne mata a ƙafa.

Na jawo jakar daga bayan kujera, na tura Inna banɗaki, na rufe ƙofa. Na tara ruwa mai ɗumi. Na cire mata kayan ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, na zaunar da ita a kujerar roba. Wannan matar da ko ɗankwalinta ba ta yarda ya zame a gaban baƙo. Ina cuɗa mata baya na ji tana kuka marar sauti, irin wanda kafaɗa kawai ke nunawa. Abin da na so su ɗana sun ɗana, amma ba a jikinsu aka yanka ba.

Can ta ce, "Ke, ya kan naki?"

Na ce da sauƙi.

"Kin sha magani?"

Na ce na sha.

Na ci gaba da zuba mata ruwa. Sai ta lalubo hannuna da hannunta mai lafiya. Robar nan rawaya tana nan a wuyan hannuna, na manta ban tsinke ta ba. Ta riƙe ni daidai wurin, ta matse.

"Sau uku na faɗa," in ji ta. "Ba wanda ya ji. Duk duniyar nan ke kaɗai kike jin maganata." Ta ja numfashi. "Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki mai yi miki yadda kike yi mini."

Shekara bakwai ina jiran wannan kalmar. Na sha tsara yadda zan amsa, har da yadda zan sunkuyar da kai. Na buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fitowa. Inna ta ɗan juyo tana jira, don ba a sa albarka a yi shiru.

Daga falo ina jiyo Auta a waya da Kawu, wanda bai san komai ba sai hotuna. Muryarsa a dushe yana ta cewa amin, amin, na gode.

Na ƙara buɗe famfon. Na jawo leshin na tsoma a bokiti na fara cuɗawa.