Daƙiƙa Uku

Wata biyu ke nan da Auta ya tashi da motar kaya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An tsinci motar a gefen titi, ƙofa a buɗe, takalminsa ɗaya a ƙarƙashin kujera. Wayarsa ce ba a gani ba, kuma a kan wannan wayar Mama ta ɗora ranta. Tun safe take danna lambar har babban yatsanta ya yi kanta, kullum amsar ɗaya ce: a kashe take.

Yaya, babbar 'yarta, rubuta manhaja ne aikinta a wani ofis, kuma ba ta iya kuka a gaban mutane ba. Abin da ta iya shi ta yi.

"Mama, ki huta haka nan. Zan sa kwamfuta ta riƙa kiransa duk bayan minti biyar. Ita ba ta gajiya."

Ranar hutu ta zauna a teburin falo, tsakanin kwandon magungunan Mama da tsohuwar fanka, ta rubuta abin. Bai kai layi sittin ba. Ya danna lamba, ya saurara, ya rubuta sakamako a allo. In aka ɗauka, lasifika ta yi ƙara a zo a yi magana. Da tata wayar ta yi ta gwaji, sau talatin ko fiye, har ta gaji da tashi tana katsewa. Sai ta ƙara layi guda: in an ɗauka, a jira daƙiƙa uku a kashe. A gefensa ta rubuta wa kanta, "A cire bayan gwaji." Kowane mai wannan sana'a ya taɓa rubuta irin wannan alkawari, kuma kaɗan ne suka cika.

Kwana goma sha tara kwamfutar tana aikinta, Yaya na dawowa ta duba allo. A kashe, a kashe, a kashe, har ido ya saba.

Ranar Talata da la'asar ta ajiye jaka, ta ja jerin sakamakon da ke allo sama kamar kullum, sai yatsanta ya tsaya. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin: an ɗauka. Tsawon kira, daƙiƙa uku. Wanda ya katse: wannan ɓangaren. Kiran da ya biyo baya, a kashe, haka duk na bayansa.

Ta buɗe rubutun, ga layin nan yana nan daram, da saƙon da ta bar wa kanta. Ba ta sa a naɗi murya ba, don haka ba za ta taɓa sanin ko shi ne, ko ɓarawo, ko wani da ya tsinci waya a ciyawa ba. Abin da ta sani kawai, wani ya kai wayar kunnensa, gidan nan kuma ya kashe masa. Da ma Auta ya sha yi mata tsiya: "Yaya sarkin sauri, ko sallama ba ki bari mutum ya gama."

Ta goge layin. Bai ɗauke ta daƙiƙa ɗaya ba.

Mama ta fito daga ɗaki tana dafa bango.

"Ɗazu da hantsi abin nan ya yi wani ɗan ƙara ina banɗaki. Kafin in fito ya yi shiru. Lafiya dai?"

Yaya ta kasa ɗaga kai. "Fanka ce, Mama."

"To. Yau ma bai ɗauka ba?"

"Bai ɗauka ba."

Mama ta zauna a kujerar da ke kusa da lasifikar, ta gyara mayafinta.

"Ba komai. Ranar da ya samu ya ɗauka, ai zai tarar muna nan."