Kujerar Auta

…kuma agogon bangon ma ni na saita shi da hannuna, to wa zai ce an ci masa minti? Babu. Kujeru a jere, da tazarar da ko mai dogon wuya ba zai leƙa takardar wani ba. Taswirorin bango an juya su. Wayoyi na kwali, kwalin na ofis, makulli na jakata. Shekara nawa ina shirya jarrabawar fita a makarantar nan? Ba a taɓa soke mana sakamako ba. Ko sau ɗaya.

Shugaban makaranta sai zarya yake a baranda, yana share gumi, wai "Malama, komai ya kammala?" Ranka ya daɗe, je ka zauna. Da kai aka bar wa aikin nan da yanzu ana neman fensir a kasuwa.

Lissafi yau. Wanda ya faɗi lissafi ya yi sallama da jami'a sai baɗi, kowa ya sani. Ke ma kin sani, Auta. Kina ciki, ina waje, haka doka ta ce: mai ɗa a zauren jarrabawa ba ya shiga zauren. Ni na kafa ta, ni zan fara bin ta.

Ai na san sauran malamai jira suke. Malamar Turanci da bakinta kamar reza: "Bana 'yar gida ce za ta zauna, sai mu ga ikon Allah." To ku gani. A bakin ƙofa na laluba ki fiye da kowa, har takalmi na sa kika cire, har ƙasan ɗankwali. Kika sunkuyar da kai… kunya ce, za ta wuce. Lambar jarrabawa ke zaunar da ɗalibi, gaskiya ne, amma ni ke zaɓar ta inda lamba za ta fara. Da na fara daga gaba, da kin faɗo layin farko, daf da tagar da nake tsaye. Su ce me? Uwa na miƙa wa 'yarta amsa da ido? Sai na faro daga baya. Ga ki can ƙurya, jikin bango, inda ko tarina ba za ki ji ba. Wannan dabarar ta yi mini daɗi, wallahi.

Ƙararrawa. An yage ambulan ɗin tambayoyi a gaban kowa. Shiru — irin shirun da nake so, ƙarar takarda kawai da fanka.

Mai sa ido na hukumar jarrabawa ya fito da sauri. Me kuma? Gyara. An buga lamba ba daidai ba a babbar tambaya, wadda ta fi kowace maki. Ba komai, mun saba. A rubuta a allo, a ƙwanƙwasa, a ce "ku dubi allo", shi ke nan. Ba a karantawa da baki. Tun shekarar da wani malami ya zo karanta gyara bakinsa ya zarce har rabin amsa na hana, kuma hukuma da kanta ta yaba mini.

Malamin Tarihi ne ke tsaron zauren. Bawan Allah, rubutunsa kamar tururuwa ta bi ta kan alli. Ya ƙwanƙwasa. Kawuna sun ɗago, sun koma. Madalla. Kowa ya gyara, kowa ya ci gaba da…

Ban da ke.

Me kike yi da ido haka? Kin matse su, kin miƙo wuya, kin sa yatsa kina jan gefen ido — yadda kike yi a gaban talabijin. Ina tabaranki? Tabarau… a kan firij. Ƙafarsa ɗaya a karye tun wancan makon. "Mama, a kai gyara." Na ce bari mu fita daga hidimar jarrabawa, ai takarda a gabanki take, ba nesa za ki duba ba. Haka na ce. Kuma gaskiya na faɗa, wa ya san da gyara?

Daga ƙuryar can allon nan hayaƙi ne kawai a wurinki.

To ba sai ki ɗaga hannu ba? Hakkinki ne, kowane ɗalibi na da shi, Malamin Tarihi zai zo ya rubuta miki a takarda. Ni ba zan shiga ba. In na aika a ce "je ka wurin 'yata", an gama da ni, an gama da sakamakonki, mai sa ido na nan tsaye da biro a hannu. Ɗaga kawai. Me kike jira?

A mota da safe, kina cin biredi, ina tuƙi, na ce miki: "Yau ba ni da 'ya a makarantar nan. Kar ki kalle ni, kar ki nemi komai, kar in ga hannunki a sama, su sami abin faɗa." Kika ce to, Mama.

Kin sunkuya. Kin ɗauki fensir. Kina aiki da lambar da ke takarda, wadda ba daidai ba, a natse, da kyakkyawan rubutun nan naki…

Auta, ɗaga hannu mana. Saɓa mini, yau ɗaya.

Ba za ta ɗaga ba. Ni na rene ta.