Shekara ta 9999

Esinam na tsakiyar cin shinkafa da wake a teburinta ta ga sunayen masu ɗaurin rai-da-rai biyar a jerin fursunonin da za a sallama yau. Cokalin ya suɓuce mata.

Ita ta rubuta manhajar da gidan yarin ke lissafa ranar sakin fursunoni da ita. Mai ɗaurin rai-da-rai, ma'aikata kan sa masa shekara ta 9999. Amma sabon kundin kwanan watan da ta ɗora ranar Juma'a bai san shekarar da ta wuce 2262 ba. Da ya dame ta da ƙorafi, sai ta sa shi ya yi shiru, ya bar gurbin babu komai. Ta manta cewa a wurin manhajar, gurbin da babu komai yana nufin wa'adi ya cika.

Ta kira Agbeko a waya, gandiroba mai kula da rajista.

"Efo, yayana, don Allah kada ku buɗe wa kowa ƙofa! Kuskurena ne."

"Daavi, 'yar'uwa, kin makara. Huɗu suna nan suna sa hannu, yanzu zan mayar da su. Amma tsoho Dzokoto ya fita tun tara. Mun ɗauka afuwa ce."

"Me ya yi?"

"Mutum biyu ya kashe, da adda. Matar da ta ba da shaida a kansa tana nan da rai a Kpando."

Ba ta san lokacin da ta hau babur ɗin haya ba. Duk motar Kpando da suka wuce sai ta leƙa tagoginta, alhali ko fuskarsa ba ta sani ba. Idan ya isa gidan matar nan, layi ɗaya da ta rubuta ne ya kai shi.

A ƙofar gidan yarin, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, wani tsoho na zaune a benci, leda baƙa a cinyarsa.

"'Yata," in ji shi, "ina aka mayar da tashar mota? Nan na bar ta."

"Yaushe, Togbi?" ta tambaya, tana kiransa kaka da yaren garin.

"Shekara talatin da ɗaya." Ya yi dariya, bakin ba haƙora. "Sau uku ina miƙewa in tsallaka titi, baburan nan suna kora ni."

Ta dubi hannayensa, manya, a kan ledar. Ta ƙaramar ƙofa ta hango Agbeko ya fito da mutum biyu, suna dube-dube.

"Kpando za ni," tsohon ya ce a hankali. "Akwai wadda nake son gani."

Esinam ta zauna a ƙarshen bencin.

"Zauna tukuna, Togbi. Ba a fara lodi ba."

Sannan ta ɗaga hannu sama yadda Agbeko zai gani.