Shamuwar da na ce na gani

A shekarar tamanin da huɗu ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Urafan. Ina da jumel, madubin nan na hangen nesa, wanda na saya a Maraɗi wurin wani Bature mai komawa gida. Biyu ya ajiye mini. Ya ce in ɗauki ƙaramin, ya fi haske kuma ba ya rawa a hannu. Na ɗauki babban. Ni da na yi boko, wa zai ce mini ƙarami ya fi babba?

Ban taɓa yarda shamuwa ke kawo ruwa ba. Har a aji nakan faɗa: fara take bi, ba ta da alkawari da girgije.

Wani hantsi Baba Namadi, maƙwabcina, ya yi sallama. Tiya huɗu ta irin gero, wato kwanon awo huɗu, ta rage masa, wadda matarsa Rakiya ta ɓoye a tulu don kada yunwa ta sa su daka. Bai taɓa binne ba, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, sai ya ga shamuwa da idonsa. To, idon ya yi yana.

“Malama, ɗauko idon Nasaranki. An ce tsuntsaye sun sauka bisa gawon tafki.”

“Baba, ba kai ke cewa abin yara ne ba?”

“Yau ni ne yaron. Duba mini, ɗiyata.”

Zamanin soja ne, jandarma ya gan ka da jumel sai ka yi bayani a Tasawa. Na laɓe bayan zana, na leƙa da sauri. Gawon na ta rawa a cikin madubin, ga hucin rana. Baƙin baya na gani, da ciki fari. Shuɗin fuska da jan gwiwa, waɗanda su ne shaidar shamuwa, ban gan su ba.

“Mi kika gani?”

Da na ce ban gani sosai ba, da ya aiki wani ya je gindin itacen. Amma yaya malamar lakwal za ta ce madubinta ya gaza? Kuma a raina na ce, tsuntsu ai tsuntsu ne, ruwa ba ya tambayar sunansa.

“Shamuwa ce, Baba.”

Ya ce alhamdulillahi. Kafin azahar shi da Rakiya sun fita da sungumi.

Kwana biyu bayan haka na bi ta tafki. Borin-tunke ne guda uku, da sanƙonsu da jakar wuya, suna jiran mushen saniyar wani makiyayi. Na juyo ban gaya wa kowa ba.

Aka yi yayyafi sau ɗaya, irin ya tsiro, rana ta ƙone shi. Da ruwan kirki ya sauka, tulun Rakiya babu komai. Na kai musu dawar taimako da aka ba malamai, amma dawar jirgi ba ta shukuwa a ƙasarmu.

Ran da za su tafi Katsina neman abinci, Baba Namadi ya tsaya a ƙofata da tabarmarsa a kafaɗa.

“Kada ki damu, Malama. Ke kin faɗi abin da kika gani. Shamuwar bana ce ta yi ƙarya.”

Na ce, “Allah ya kiyaye hanya, Baba.”

Iyakar abin da na ce ke nan. Bai dawo ba.