Sosis ɗin Zakariya'u

Zakariya'u yana da tebur a bakin wani lakwal, wato makarantar boko, a Sabon Gari, inda yake sayar da burodi da sosis. Yakan tsaga doguwar sandar burodi, ya kwantar da soyayyen sosis a ciki, ya zuba albasa da mayonez, sannan ya barbaɗa yajin ƙuli, wanda ya ce in babu shi abincin bai zama na Maraɗi ba. Malaman lakwal da 'yan kabu-kabu duk wurinsa suke karya kumallo. Sosis ɗin kuwa daga ƙetaren iyaka yake zuwa, a daskare cikin kwali.

Shekarar da aka rufe iyaka komai ya dagule. Kuran, wato wutar lantarki, ya koma zuwa yana ɗaukewa, kaya kuma sai ta daji a bayan babur, cikin rana. Wata safiya ya buɗe leda ya ji ɗan tsami, ya taɓa ya ji yauƙi. Ya daɗe tsaye yana kallon ledar. Matarsa Tsahara tana da tsohon ciki, hatsin gida ya kusa ƙarewa. Ya wanke sosis ɗin da lemun tsami, ya soya shi har ya yi duhu, ya sayar.

Washegari gudawa da amai suka kama mutane da dama. Wadda ta fi jin jiki ita ce Fadila, malama a lakwal ɗin, don sai da aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin ruwa. Mijinta Shamsu ya zo da hantsi, bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu ya kife teburin, mai ya malale cikin rairayi. Ya ce darajar unguwa ce ta hana shi zuwa komisariya wurin 'yan sanda.

Daga ranar babu wanda ya sake tsayawa. Zakariya'u ya koma burodi da ƙwai, shi ma ba a saya. Mutanen da suka saba zama a bencinsa sai su tsallaka titi tun daga nesa. Ya zaga butik-butik na unguwar Zariya, shagunan da suke da firigo na sanyaya kaya, yana neman sosis mai kyau, duk ledar da ya shinshina sai ya mayar da ita. A gida Tsahara ta daina tambayarsa yadda kasuwa take.

Wani mahauci ne ya ba shi labarin Baba Samuel na Tibiri, tsohon kuku da ya yi wa Turawa girki, wanda yake ɗura sosis da hannunsa, daga nama zuwa wuta, ba ruwansa da firigo. Zakariya'u ya roƙi wani mai kai kaya ya rage masa hanya.

Ya iske tsohon a ƙofar gida kusa da majami'a, hannuwansa suna rawa, ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa. Baba Samuel ya saurare shi har ƙarshe, har da zancen lemun tsamin, don Zakariya'u bai ga amfanin ɓoyewa ba. Tsohon ya ce shi dai aiki ya ƙare masa. Ƙaramin injin niƙa naman yana Jiratawa wurin ɗiyarsa Priskila, da shi take niƙa tattasai.

"Ka tahi ka gaya mata ni na aiko ka," in ji shi. "Ta iya, sai dai ba ta son aikin."

A Jiratawa ya same ta a bakin magudanar ruwa tana wanke kwandon tattasai. Ta ce inji ba ya barin gidanta, kuma ba za ta taɓa naman da ba a gabanta aka yanka shi ba. Zakariya'u ya ce ba shi da abin sayen dabba. Ta ce to shi ke nan, ta ci gaba da wankinta. Ya durƙusa a kan taɓo, ya ce, "Yaya, don Allah. In na koma hannu wofi ban san abin da zan gaya wa matata ba."

"Tashi, malam, mutane suna kallo," in ji ta. "Ka zo da nama mai kyau, ni zan yi."

Dabba ɗaya yake da ita a duniya, ragon da suke kiwo saboda sunan abin da Tsahara za ta haifa. Da ya faɗa wa Tsahara, ta zauna a kan turmi. Ta tambaye shi ko ya tabbata mutane za su dawo. Ya ce bai tabbata ba. Ta tashi da kyar, ta kwance igiyar da kanta ta miƙa masa, ta shige ɗaki.

Da sassafe ya yanka ragon a gidan Priskila. Ta wanke hanjin da gishiri har ya yi fari, ta niƙa nama da kitse da tafarnuwa da tattasai. Na farkon da suka ɗura ya fashe don ya cika shi da yawa, ta ture hannunsa ta karɓa. Da ya gasa guda ya ɗanɗana, ya ji bai taɓa sayar da abu mai daɗin wannan ba. Ya juya baya ya share idonsa.

Kafin a tashi lakwal ya kafa teburinsa. Ƙamshi ya cika titin, mutane suna waiwaye suna wucewa. Ya tsaga burodi ya ci a gabansu, ya ƙara wani. Ya ce kowa ya zo ya ɗanɗana kyauta. Wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu, ya gane shi, ya ƙara mai. Fadila ta fito daga lakwal a rame, ta amsa gaisuwarsa, ba ta dubi teburin ba.

La'asar ta yi, rana tana dukan tiren, ga shi ba firigo. Ya san in naman nan ya kwana ragon ya tafi a banza. Ya ɗora tire da murhu a ka, ya nufi tashar motoci a ƙafa, inda matafiya ba su san shi ba. Can wani direban Damagaram ya sayi guda, ya ce yaji ya yi yawa, sannan ya kira abokan tafiyarsa. Kusan rabi ya shiga kafin magariba. Sauran ya kai gida, shi da Tsahara suka rataya su a kan hayaƙi.

Ta haihu cikin makon, mace. Wansa Maliki ne ya kawo 'yar akuya daga ƙauye aka yanka, 'yan unguwa kaɗan suka zo. Zakariya'u bai sake kafa tebur a Sabon Gari ba. Kullum da safe yana bin hanyar Jiratawa da ɗan naman da ya samu wurin mahauta, don Priskila ta daina cewa sai an yanka a gabanta, da rana kuma yana tasha, yana bin tagogin motoci da tirensa.