Ki Gaya Wa Kowa

"Mama, ta taka! Da ƙafarta, ba wanda ya riƙe ta. Ta saki kujera kawai sai ga ta a jikina."

Tahlia ta maƙale waya da kafaɗa tana dariya, 'yarta Maisie na jan gashinta. A 'yar tirelar da aka mayar ɗakin kwana, inda suke zaune bayan bargar dawaki, tafiyar ba ta wuce daga kujera zuwa firji ba, amma ita ji take kamar yarinyar ta tsallaka gari.

"Madalla," in ji uwarta, Raelene. Muryar mai sharhin tseren dawaki na tashi daga talabijin a bayanta. "Brodie ya gani?"

"Ina fa. Yana can yana zubar da gumi kafin awon nauyin mahaya, ko shayi bai sha ba."

"Yau zai hau Biskit ko? Me ya ce?"

Jiya da yamma mijin nata, Brodie, ya bayyana mata dabarar, yana jera cokula a tebur kamar dawaki. Kowa ya san Biskit daga baya yake tasowa. To tseren yau babu doki mai gaggawa ko ɗaya, shi ne Mista Hegarty, mai horar da dokin, ya ce Brodie ya yi gaba tun daga ƙofar tashi, ya ja su a hankali har su saki jiki, sai a kwanar ƙarshe ya sake linzami. Sai dab da tashi za a sanar da alƙalan tsere, lokacin ba mai iya sake shiri. In ya ci, Hegarty zai riƙe shi mahayin bargarsa, su bar tirela su koma gida mai ɗakuna.

Duk ta zazzage wa uwarta, da cokulan da komai, don yau bakinta ba ya iya riƙe abu. Sannan ta koma kan abin da ya sa ta kira.

"Da kin ga fuskarta, Mama. Ki gaya wa Baba. Ki gaya wa kowa."

"Yanzu ma kuwa," in ji Raelene.

* * *

Ba a taɓa yi mata fara'a a filin sukuwa irin ta ranar ba. Mai gadin ƙofa ya ɗaga mata hula. Shaz mai soya albasa da nama ta miƙo mata burodi ta ce ta bar kuɗinta.

"Ashe har kun ji?" Tahlia ta gyara wa Maisie hula don a ga fuskarta sosai.

"Tun a mashaya, 'yar albarka." Shaz ta rage murya. "Gaba zai yi ko? Ni dai na zuba kuɗina a kansa."

Tahlia ta sauke burodin daga baki. Ta waiga. A layin masu karɓar caca ta hango babanta, Col, wanda ya rantse a teburin Kirsimeti, yana kuka, cewa ya bari har abada. Raelene na gefensa riƙe da jaka a buɗe.

Da dawaki suka fito, Duggan, tsohon mahayi mai fuska kamar busasshiyar fata, ya ratso ta bakin shinge. Ya taɓa hularsa da bulala.

"Mun gode da saƙo, amarya."

* * *

Ƙofofi suka buɗe. Biskit ya yi gaba kamar yadda cokalin ya yi jiya. Amma kafin ya samu ya numfasa, Duggan ya manne masa a gefe, kai da kai. Dokin Duggan ba mai ci ba ne, kowa ya sani, sai dai akwai wani dokin bargarsu da ya lafe can baya yana jira. Tahlia na ganin Brodie ya miƙe a kan likkafa yana ja, Biskit kuwa ya ƙi, shi ba a jera da shi. Haka suka yi ta ƙona juna har bayan fili.

A kwanar ƙarshe, inda ya kamata a sake linzami, babu abin saki. Wuyan Biskit ya yi fari da kumfa. Na baya ya zo ya wuce, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

"Jaki kawai," Col ya daka tsawa ta kan shinge, jijiyar wuyansa a tashe. "Ko keken yara ba ka iya tuƙawa ba. Da me zan koma gida?"

Brodie ya sauko yana kwance sirdi. Hegarty bai ɗaga murya ba.

"Mu biyu muka san zancen nan, ɗana. Ni kuwa ba ni da mata." Ya karɓi ragamar dokin. "Ba sai ka zo gobe ba."

Brodie ya dubi Tahlia sau ɗaya, ba da fushi ba, ya rungumi sirdinsa ya shige ɗakin awo.

* * *

Ciyawar gaban rumfar 'yan kallo ta cika da yagaggun tikitin caca. Hannun Tahlia ya gaji, ta sauke Maisie. Yarinyar ta dafa gwiwarta, ta saki, ta nufi kakanta tana tatata, hannu a sama, takardu na mannewa a tafin ƙafarta.

Col na zaune a benci, kansa a cikin waya, yana duba tsere na gaba.

"Baba, dubi."

"Tsaya tukuna. Rae, doki na bakwai ko na tara?"

Maisie ta isa, ta kama wandonsa. Ya janye ƙafa ba tare da ya duba ba. Ta faɗi zaune, ta tsinci wani tikiti ta kai baki.

Tahlia ta durƙusa ta zare mata shi.

"Mama," ta ce a hankali, "in kin samu sarari, ki gaya masa ta fara tafiya."